Zuwa Alje yawon buɗe ido: abin da ya kamata mutumin Yekuwa ya sani kafin ya ɗaura kaya

A Yekuwa ko Dungas ko Magariya, in ka ce za ka Aljeriya ba mai tambayarka abin da za ka je gani. Tambayar ita ce wa zai tsallaka da kai, nawa ne kuɗin mota, yaushe za ka fara aike gida. A jihar Damagaram sunan ƙasar nan ya riga ya haɗu da ci-rani da bara da kora. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, galibinsu mata da yara, da yawansu maƙwabtanmu ne na Kance. Tun ƙarshen 2014 kuma ayarin manyan motoci ke dawo da ƴan Nijar gida.

Amma Alje, babban birnin ƙasar da ke bakin tekun Bahar Rum, gari ne da ake zuwa kallo. Malami mai hutu ko ɗan kasuwa da ya tara ɗan abinsa zai iya zuwa ya yi mako guda ya dawo da mutuncinsa. Abin da ya raba shi da wanda ake korowa takarda ce.

Katin ɗan ƙasa ba ya shigar da mutum Aljeriya. Sai fasfo, da biza daga ofishin jakadancinsu na Yamai, inda akan nemi shaidar masauki, wato otel ɗin da ka kama ko takardar gayyata daga wanda zai sauke ka. A haɗa da katin rigakafin shawara. Kamfanin Air Algérie ya daɗe yana jigila tsakanin Yamai da Alje, sai dai zirga-zirgar jirage kan bi yanayin dangantakar gwamnatocin biyu, don haka a bincika kafin a biya kuɗi. Hanyar mota tana nan, ita ce wadda ta taso daga Alje ta ratsa Tamanrasat, Asamaka, Agadas da Damagaram ta nufi Kano, amma ban ba mai yawon shaƙatawa shawarar bin ta ba.

Fasfonka kuma kada ya rabu da jikinka. Jami'an tsaro kan yi samamen baƙin haure, baƙar fata ne ake fara tarewa, kuma a cikin hayaniya ba kowa ke tsayawa jin bayani ba. Waɗanda aka kwasa, in ba ƴan ayarin hukuma ba ne, akan zubar da su a wurin da ake kira Point Zéro, kimanin kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa.

To me ake gani? Garin a jikin tudu yake, fararen gidaje hawa-hawa suna fuskantar ruwa. Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba, tekun kaɗai ya ishe shi kallon yini guda.

Zuciyar garin ita ce Kasba, tsohuwar unguwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1992. Wanda ya san lungunan Birni na Damagaram zai gane tsarin, sai dai nan lungun matakala ne, mota ba ta shiga, har gobe da jakuna ake kwashe shara. A fara daga sama a gangaro, gwiwa za ta gode. Can sama fadar sarkin garin na zamanin Turkawa take, wanda Faransawa suka kayar a 1830. Mu sai a 1899 suka ci Damagaram, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Su Aljeriyawa shekara 132 suka yi a hannunsu, kuma da jini suka fita a 1962. A cikin Kasba akwai kangon gidan da sojan Faransa suka tarwatsa da nakiya a Oktoban 1957, Ali La Pointe da abokan gwagwarmayarsa suna ciki. An mai da shi gidan tarihi. A ganina wanda bai tsaya nan ba bai fahimci zafin kan mutanen garin ba. A nemi ɗan unguwa ya yi jagora, don ɓata a Kasba ba wuya.

A gindin unguwar akwai masallacin Ketshawa, wanda Turawa suka mayar coci sai bayan samun ƴanci ya koma masallaci, da Babban Masallacin da ya haura shekara 900. Sabon kuwa, Jami'ul Jaza'ir, an buɗe shi a hukumance a watan Fabrairu na 2024, hasumiyarsa mita 265, babu mai tsawonta a duniya. Sai ginin tunawa da shahidai na 1982, mai siffar ganyen dabino uku, da lambun Hamma a ƙarƙashinsa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ya fara aiki a 2011, yana kai mutum kusa da mafi yawansu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da ruwan sama tare, ba irin hunturunmu busasshe ba, a tafi da riga mai kauri. Ranakun hutu Juma'a da Asabar ne. Sefa ba ta canzuwa cikin sauƙi, gara a riƙe yuro, a bayyana shi a filin jirgi, a canza dinari a banki. Ƴan canjin dandalin Port-Saïd sun fi ba da farashi, amma harkarsu ba ta kan doka, kuma baƙo ne ke da abin asara. Faransanci yana fid da mutum kusan ko'ina, sallama da ɗan Larabcin allo kuma suna sassauta fuska.

Hausa ma za ka iya ji. A bakin wani masallaci ko mararrabar titi akan ga mace da goyo da ƴar roba a hannu, in ta yi wa ɗanta magana ka ji harshen gida. Wata za ta amsa gaisuwarka ta tambaye ka labarin damina, wata kuma za ta kau da kai don kada ka gane ƴar wane gari ce.