Bajon Hular Soja: A Juya Bayansa

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin ɗan bajon tagulla a akwatin wani kaka da ya yi Yaƙin Bama, mai hoton itacen kwakwa da haruffan R.W.A.F.F. a ƙasa. Bajon Rundunar Afirka ta Yamma ke nan, wadda Lugga ya kafa a 1897. Harafin R na farko, mai nuna rundunar ta Sarkin Ingila ce, sai a 1928 aka ƙara shi. Saboda haka wanda ya tarar da W.A.F.F. kawai ya riƙe da kyau, ya girmi sauran.

Galibi fuskar bajo muke dubawa, amma bayansa ya fi ba da labari. Wani yana da 'yan kunnuwa biyu, a huda hula a cusa su, sa'an nan a zura fil mai ƙafa biyu ta ciki ya riƙe su. Wannan ba ya faɗuwa, sai dai in fil ɗin ya ɓata, kuma ɓatansa ba wuya. Wani kuwa harshe ɗaya ne dogo aka lanƙwasa, a soka shi cikin tsagar hula. Yana da saurin cirewa in za a goge shi, abin da soja ba ya rabuwa da shi, amma yadda ya shiga da sauƙi haka yake fita.

Yaƙi ya taɓa bajo ƙwarai, domin da tagulla ake yin kwanson harsashi. A 1916 Ingila ta soma buga bajojin da a dā ake haɗa ƙarfe iri biyu da tagulla zalla, don rage aiki. A Yaƙin Hitila abin ya fi haka tsanani. Wajen 1942 aka shiga ba sojojin Ingila bajon roba, wani ruwan ƙasa, wani toka-toka, wani baƙi. Ba a iya lika wa roba kunne da dalma, sai aka dasa mata 'yan ƙarafa biyu sirara a baya, a soka a hula a tanƙwara. In aka yawaita tanƙwarawa sai su karye. Sojoji ba su so shi ba ko kaɗan, mu ma ba mu ga laifinsu ba: mutumin da aka hore shi da goge tagulla har ta yi walƙiya, a miƙa masa abin da ba ya goguwa!

Akwai kuma na maƙera. A Masar da Indiya, inda kaya daga Ingila ke daɗewa a hanya, sukan danna bajo na ainihi cikin yashi su zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. Irin wannan ya fi nauyi, rubutunsa dishi-dishi, bayansa kuma da kaushi, shi ya sa da an shafa da yatsa ake gane shi.