Sikeli Kaɗai Ba Ya Faɗin Lafiya

A Ɗanbatta, in amarya ta yi wata uku a ɗakinta ba ta ciko ba, sai dangi su fara ƙus-ƙus: ko dai mijin ba ya ciyar da ita? Wannan tsegumin ne ke tura mata da yawa kyamis neman ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, wadda sau da yawa dexamethasone ce. Tana kumbura fuska, ta tara kitse a ciki, ta tayar da suga da hawan jini, ta kuma raunana garkuwar jiki. Cikowar da ake ta yabo, ashe ciwo ne.

Mai teɓa ita ma ba ta tsira ba. Takan je asibiti da ciwon gwiwa, tun ba ta gama bayani ba a ce mata, "Hajiya, ai ƙiba ce." Sai ta koma gida a kunyace, ba za a sake ganinta ba sai ciwo ya ci jiki.

A 2020 masana daga ƙasashe da dama sun fitar da matsaya ɗaya a mujallar Nature Medicine: tsangwamar masu ƙiba tana cutar da su, tana kuma hana su neman magani. Salon ba da shawara da ke samun karɓuwa yanzu yana farawa ne da mutunta jikin mutum yadda yake. Ba cewa ake ƙiba ba ta da illa ba. A'a, maimakon faɗa, sai ma'aikaciyar lafiya ta auna jini da suga da faɗin ƙugu, ta tambayi abin da ake ci a gidan, da yadda barci yake.

Burin da ake ɗora wa mutum kuwa ba mai nisa ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin ciwon suga da aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin nasu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

A ƙauyukan Ɗanbatta wannan ba ya bukatar shayin rage ƙiba na kanti. Gero da wake da zogale suna nan. A rage lemon kwalba da sukarin da ake zuba wa fura. Matar da ba ta fita kuma, daka da shara da zagayen tsakar gida duk suna cikin lissafin minti 150 ɗin, muddin za su sa numfashinta ya ɗan ɗaga.