Yadda Ake Auna Mai Harhaɗa Magunguna Wajen Gabatar da Bayanin Majiyyaci

A Sudan, wanda ya kammala karatun harhaɗa magunguna, a Jami'ar Khartoum ko a Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975, sai ya yi zaman sanin makamar aiki da ake kira imtiyaz kafin ya samu cikakkiyar rajista. Cikin abubuwan da ake dubawa a irin wannan horo akwai iya gabatar da bayanin majiyyaci: ya tsaya gaban mai kula da shi ya faɗi wane ne marar lafiyar, me ya kawo shi, wane magani yake sha, ina matsalar take, kuma mece ce shawararsa.

Tushen wannan awo shi ne matakai huɗu da George Miller ya tsara a 1990: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sai aikatawa. Jarrabawar takarda tana auna biyun farko ne kawai. Sauran sai a aikace.

Mai kulawa yana riƙe da takardar maki. Yakan duba tsarin bayani, da cikar tarihin magunguna, da gano kuskure a awon magani ko karo tsakanin magunguna biyu. Misali, idan an kawo yaro mai fitsarin jini daga ƙauyukan da ke bakin magudanan ruwan noman Jazira, inda tsargiya ta yi katutu, dole ɗalibin ya ambaci nauyin yaron, domin praziquantel da nauyi ake auna shi, miligiram 40 ga kowane kilo. Idan zazzaɓin cizon sauro ne aka rubuta Coartem, sai ya faɗi ko an gaya wa iyaye su haɗa shi da madara ko abinci mai maiƙo.

Harshe ma yana cikin awon. Dattijuwa daga Mai Wurno, kusa da Sinnar, za ta fi sakin jiki da Hausa, alhali fayil ɗinta da Larabci ko Turanci yake. Sai an tambaye ta cikin ladabi kafin ta ambaci jiƙon da take sha a gida ko ƙwayar da ta saya a kantin magani.

Zaƙin baki ba ya ba da maki. Shi ya sa ake yi wa ɗalibi tambayoyi bayan ya gama, a ji dalilinsa. Ana maimaita awon a kan majiyyata daban-daban, da masu kulawa fiye da ɗaya, kuma a gaya masa gyaransa nan take, a rubuta abin da zai inganta kafin zama na gaba.