Zamanin batir ya zo: Ina makomar Porsche 911 da sauran motocin da ake so saboda ƙararsu?

A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta ce daga shekarar 2035 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasashenta dole ta kasance ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Tun daga lokacin kamfanoni da 'yan siyasa ke jayayya kan ko za a sassauta wa'adin. Mai neman motar zuwa aiki bai damu sosai ba, domin shi dai ta kai shi ta dawo da shi cikin rahusa. Waɗanda hankalinsu ya tashi su ne masoya motocin gudu na asali, irin su Porsche 911.

Dokar nan ba ta taɓa tsofaffin motoci ba. Wanda ya mallaki 911 ƙirar 1973 zai ci gaba da hawa abinsa, ya kuma sayar idan ya ga dama. Maganar ita ce ko za a ci gaba da ƙera sababbi, da kuma ko tsofaffin za su riƙa samun mai da kayan gyara.

An fara nuna 911 a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, da sunan 901. Kamfanin Peugeot, wanda mu nan muka fi sani da 504 da 505, shi ne ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce, sai Porsche ya mayar da sifilin ɗaya. Har yau injinta mai silinda 6 yana can baya, bayan tayoyi, inda sauran motoci ke da but. Wannan ne ke ba ta irin ƙarar da ake gane ta da ita tun daga nesa, da kuma yadda take shan kwana.

Idan gudu ne, lantarki ya riga ya ci gasar. Rimac Nevera, da ake ƙerawa a Kuroshiya, tana da ƙarfin doki 1,914, tana kuma kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 2. Amma guda 150 kacal aka tsara ƙerawa, kuma a 2024 shugaban kamfanin, Mate Rimac, da bakinsa ya ce attajiran da ke sayen irin waɗannan motoci sun fi karkata ga masu injin fetur. Ashe ba gudun kaɗai suke saya ba.

Babbar matsalar ita ce nauyi. Cikakken tankin 911, lita 60 da 'yan kai, bai wuce nauyin buhun siminti ɗaya ba, kuma kana tafiya yana raguwa. Batirin Taycan kuwa, motar lantarkin da Porsche ya fitar a 2019, ya haura rabin tan, kuma ko cajin ya ƙare nauyinsa na nan daram. Shi ya sa Taycan ta wuce tan 2 alhali 911 tana wajen tan ɗaya da rabi. A miƙaƙƙen titi ba za ka ji bambancin ba. Sai ka zo kwana, ko ka taka burki da ƙarfi, nan ne jikinka zai gaya maka. Taya ma ta fi saurin cinyewa.

Wasu kamfanonin sun zaɓi kwaikwayo. Hyundai Ioniq 5 N ba ta da giya irin ta motar fetur, amma manhajarta na sa ta ɗan fizga kamar an sauya giya, lasifika kuma na fitar da ƙarar inji. Dodge ya yi wa Charger ta lantarki wata na'ura a baya da ke ruri kamar salansa. Waɗanda suka tuƙa Hyundai ɗin da yawa sun yaba mata, amma a ganina wannan shaida ce cewa kamfanonin da kansu sun san abin da aka rasa.

Porsche ya bi hanya biyu. A 2024 ya fitar da 911 GTS mai haɗa fetur da lantarki, da ɗan ƙaramin batir wanda bai kai kilo 30 ba kuma ba a jona shi a caji. Aikinsa ya taimaka wa inji ne kawai, ba ya ja motar shi kaɗai ba. Hanya ta biyu ita ce man roba. A Disamban 2022 aka buɗe masana'antar gwaji ta Haru Oni kusa da Punta Arenas a kudancin Chile, inda iska ke kaɗawa kusan kullum. Ana amfani da lantarkin iskar a raba ruwa a ciro haidurojin, a haɗa shi da iskar kabon, a samu man da tsohon inji zai sha ba tare da an sauya masa komai ba. Jamus ce ta tsaya kai da fata sai da aka bar wa irin wannan mai ƙofa a dokar 2035. Sai dai lita 130,000 aka tsara samarwa a shekara a matakin gwaji, abin da tankokin dakon mai uku ko huɗu za su kwashe. Tsadarsa kuma ta fi ta fetur nesa ba kusa ba, domin kaso mai yawa na lantarkin yana salwanta a hanya kafin ya zama mai.

Akwai kuma masu cire injin tsohuwar mota su sa batir. Jaguar E-Type da Yarima Harry ya tuƙa ranar aurensa a 2018 irin wannan ce, kuma kamfanoni kamar Everrati a Ingila suna yi wa tsofaffin 911 haka. Ƙungiyar FIVA, mai kula da motocin tarihi a duniya, ta ce a 2019 motar da aka yi wa wannan aiki ta daina zama ta tarihi. Ta ba da shawarar a adana injin asali, a kuma yi aikin yadda za a iya mayar da shi.

Irin wannan cece-kuce ba sabo ba ne ga 911. A 1998 aka daina ƙera samfurinta mai injin da iska ke sanyayawa, aka koma mai ruwa, masoyanta suka yi ta kukan cewa an kashe motar. Kamfanin ya ci gaba da sayarwa har ya ƙera ta miliyan ɗaya a 2017, su kuma waɗancan tsofaffin masu sanyaya inji da iska farashinsu ya yi ta hawa a kasuwar gwanjo.