Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Kwamfuta Ke Kwatanta Fayiloli da Ƙimomi

Gabatarwa

A maɗaba'un da, kafin a buga littafi, akan zaunar da mutum biyu: ɗaya yana karanta rubutun asali da ƙarfi, ɗayan kuma yana bin kwafin da aka tsara da ɗan yatsa, har sai kunne da ido sun saɓa, sannan a tsaya a gyara. Aiki ne mai cin rai, kuma idan gajiya ta kama, kuskure yakan sulale ya wuce. A yau kwamfuta na yin wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Sai dai kuma akwai wani sharaɗi da masu koyo kan manta da shi, wato ita na'ura ba ta san ma'anar "iri ɗaya" ba sai an faɗa mata. Wannan maƙala za ta duba manyan umarnan da ake kwatance da su a tsarin Unix da danginsa irin su Linux, da irin tambayar da kowannensu ke amsawa.

Layin umarni da mai karɓar umarni

Layin umarni shi ne wurin da mutum ke rubuta wa kwamfuta abin da yake so da haruffa, maimakon danna hotuna. Manhajar da ke karɓar wannan rubutu ta aiwatar da shi ita ake kira shel. Fitacciya daga cikinsu ita ce wadda Stephen Bourne ya rubuta, ta fito a 1979, sai kuma Bash wadda Brian Fox ya fitar a 1989. Idan aka tara umarni da yawa a fayil guda don na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya, an sami jerin umarni ke nan, wanda kan yi aiki ko da babu kowa a gaban na'urar.

Tambaya ta farko: shin kwafin ya yi daidai da asali?

Duk abin da ke cikin fayil, rubutu ne ko hoto ko murya, jerin lambobi ne da ake kira bayit, kowane ɗaya tsakanin 0 da 255. Umarnin cmp, wanda ke cikin Unix tun fitowarsa ta farko a 1971, yakan ɗauki fayiloli biyu ya bi su bayit bayan bayit. Idan bai ga saɓani ba, ba ya cewa uffan. Idan kuwa ya gani, sai ya faɗi lambar bayit da layin da saɓanin farko ya auku, ya tsaya nan. Saboda haka cmp ya dace da mai son ya tabbatar cewa abin da ya kwafa zuwa wani faifai ya isa lafiya, amma ba ya gamsar da mai son sanin abin da aka sauya.

Tambaya ta biyu: me aka sauya?

Wannan aikin diff ne, wanda Douglas McIlroy ya samar a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, ya kuma shiga Unix a 1974. Alal misali, a ɗauka malami yana da fayiloli biyu na makin ɗalibai, tsoho da sabo. A layi na biyu na tsohon an rubuta "Binta 71", a sabon kuwa hannun mai bugawa ya juya lambobin. Idan aka rubuta

diff tsoho.txt sabo.txt

sai amsa ta fito kamar haka:

2c2
< Binta 71
---
> Binta 17

Ma'anar 2c2 ita ce an canza layi na 2 na fayil na farko ya koma layi na 2 na fayil na biyu. Alamar < tana nuna abin da ke cikin na farko, alamar > kuma abin da ke cikin na biyu. Harafin a kan fito a madadin c idan ƙari aka yi, d kuma idan gogewa aka yi. Cikin sunaye dubu, layin nan guda kaɗai za a nuna, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin cin jarrabawa da faɗuwa.

Mai karatu na iya zaton cewa diff layi na ɗaya yake gwamawa da na ɗaya, na biyu da na biyu, har ƙarshe. Da haka ne, da ƙara suna guda a saman fayil ya sa duk layukan da ke ƙasa sun goce, a ce duka sun bambanta. Dabarar da McIlroy da James Hunt suka bayyana a 1976 ita ce a fara neman jerin layuka mafi tsawo da fayilolin biyu suka yi tarayya a kansa bisa tsari ɗaya. Duk abin da ya rage a wajen wannan jeri, shi ne aka goge ko aka ƙara. A 1986 Eugene Myers ya fito da wata hanyar lissafi mai sauri, musamman idan bambancin kaɗan ne, kuma a kanta aka gina diff na GNU.

Amfanin diff ya wuce nuna kuskure. A 1985 Larry Wall ya fitar da patch, umarnin da ke karɓar sakamakon diff ya ɗora shi a kan tsohon fayil ya mayar da shi sabo. Da wannan, masu rubuta manhaja a ƙasashe daban-daban suka riƙa aika wa juna gyara kaɗai maimakon dukan fayil. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ita ma da wannan siga take nuna sauye-sauye.

Tambaya ta uku: wane ne ke nan amma ba ya can?

Wani lokaci tsarin layuka ba shi ne abin damuwa ba. Ma'aikacin rajista mai jerin waɗanda suka yi rajista da jerin waɗanda suka biya kuɗi, so yake ya san wanda ke cikin na farko amma babu shi a na biyu. Umarnin comm kan fitar da rukuni uku: layukan da ke fayil na farko kaɗai, na fayil na biyu kaɗai, da waɗanda ke duka biyun. Rubuta comm -23 kan ɓoye rukuni na biyu da na uku, ya bar waɗanda ba su biya ba. Sharaɗinsa shi ne a fara jera fayilolin biyu bisa tsarin haruffa da umarnin sort. In ba haka ba, amsar ba abin dogaro ba ce.

Bambancin da ido ba ya gani

Akan sami fayiloli biyu da suka yi kama ƙwarai a allon kwamfuta, amma diff ya ce kowane layi ya saɓa. Sau da yawa dalili shi ne ƙarshen layi. Unix kan rufe layi da bayit guda mai lamba 10, Windows kuwa da bayit biyu, 13 da 10, al'adar da aka gada daga tsofaffin na'urorin buga saƙon waya. A diff na GNU, zaɓin --strip-trailing-cr kan kawar da wannan. -i kan sa a daina bambanta babban baƙi da ƙarami, -w kuma a ƙyale sarari.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin tarko. A wurin na'ura, k da ƙ ba su da wata dangantaka: a tsarin UTF-8 na farko bayit ɗaya ne, na biyu bayit biyu. Haka d da ɗ, da b da ɓ. Bugu da ƙari, abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar. Don haka idan wani magatakarda ya buga "Ɗanladi", wani kuma ya buga "Danladi", comm zai ɗauke su mutum biyu, ya jefa wanda ya biya kuɗinsa cikin jerin masu bashi. Maganin abin shi ne a daidaita rubutun fayilolin biyu kafin kwatance, ko kuma a kwatanta da lambar rajista maimakon suna.

Kwatanta ƙima a cikin jerin umarni

Kowane umarni, idan ya gama, yakan bar wata lamba da ake kira lambar fita. A cmp da diff, 0 na nufin fayilolin daidai suke, 1 sun bambanta, 2 kuma an sami matsala, kamar rashin fayil ɗin gaba ɗaya. Da wannan lamba jerin umarni ke yanke shawara:

if cmp -s asali.txt kwafi.txt
then echo "daidai"
else echo "a sake dubawa"
fi

Zaɓin -s kan sa cmp ya yi shiru, ya bar lambar kawai. A lura cewa 1 da 2 duk a reshe na biyu za su faɗa, don haka mai hattara yakan raba su.

Idan kuwa ƙimomi biyu za a gwada, akan yi amfani da test, wanda aka fi rubutawa da baka mai kusurwa. A nan ma dole a zaɓi ma'anar "daidai". Alamar = rubutu take gwadawa, -eq kuma adadi. Saboda haka [ 07 = 7 ] ƙarya ne, domin haruffan sun bambanta, amma [ 07 -eq 7 ] gaskiya ne. A tsarin rubutu "10" kan zo kafin "9", tun da 1 ya riga 9. A tsarin adadi kuwa -gt zai tabbatar 10 ya fi 9. Su -eq da -gt da -lt cikakkun lambobi kaɗai suke karɓa. Mai son gwada 2.5 da 2.75 sai ya nemi bc ko awk.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Wanda ya rubuta [ 5 > 9 ] yana zaton ya tambayi ko 5 ya fi 9. Amma a wurin shel, alamar > umarni ne na juya sakamako zuwa fayil. Sai ta ƙirƙiri wani fayil mai suna 9, ta kuma ce amsar gaskiya ce, ba tare da wani gargaɗi ba.

Haɗari mafi girma shi ne ƙimar da babu komai a cikinta. A watan Janairun 2015 aka gano wani aibi a jerin umarnin manhajar wasanni ta Steam a kan Linux. Akwai layin da ke cewa rm -rf "$STEAMROOT/"*, wato a goge duk abin da ke cikin jakar manhajar. A wani yanayi ma'ajin sunan jakar kan zama fanko, sai umarnin ya koma gogewa daga tushen faifai, ya share duk fayilolin da mai na'urar ke da iko a kansu. Gwaji guda, [ -z "$STEAMROOT" ], wanda ke tambaya ko ma'ajin fanko ne, da ya isa a dakatar da aikin kafin ɓarna.

Kwatance daga nesa

Idan fayil ɗaya yana Kano ɗayan yana Landan, ba sai an haɗa su wuri guda ba. Umarnin sha256sum kan narkar da dukan fayil ya fitar da tambari mai alamomi 64, kuma sauya bayit guda kan hargitsa tambarin baki ɗaya. Sai a kwatanta tambarin biyu kawai. Tsofaffin hanyoyi sun raunana: a 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta suka nuna abubuwa biyu mabambanta masu tambarin MD5 iri ɗaya, a 2017 kuma masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka yi wa SHA-1 haka da fayilolin PDF biyu. Inda ake tsoron maguɗi, ba a dogara da waɗannan biyun.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne. Kafin mutum ya taɓa madannai, ya kamata ya tantance tambayarsa: in daidaiton bayit yake nema, cmp ko sha256sum, in sauyin layuka, diff, in wanda ke ciki da wanda ba ya ciki, sort da comm, in ƙima ce, ya san ko rubutu ce ko adadi, ya kuma tabbatar ba fanko ba ce. Ɗalibin da ke son ƙwarewa zai iya farawa da ƙananan fayiloli biyu na gwaji, ya sauya harafi guda, ya ga abin da kowane umarni zai faɗa, tun kafin ya amince masa da makin ɗalibai ko albashin ma'aikata.