Kwali: Ana koyon gini a bakin aiki, takardar shaida tana can ofis

Duk wanda ya bar Gwagwalada da sassafe ya kama hanyar Lokoja, tun kafin ya isa Kwali zai fara cin karo da bulo jere a gefen titi ana ba shi ruwa, da tulin yashi da tsakuwa, da gidajen da suka kai linta suka tsaya jiran albashin wani watan. Da yawa daga cikin filayen nan na ma'aikatan gwamnati ne waɗanda tsadar cikin birni ta koro, suka zuba adashinsu da bashin ƙungiyar ma'aikata a kan fuloti guda. A kowane ɗayansu akwai magini, a bayan maginin kuma akwai yaro ɗauke da kwanon kwaɓi. Nan da shekara huɗu ko biyar, wannan yaron ne zai riƙe cokali ya gina gidan wani.

Yadda yake koyon aikin bai sauya sosai ba. Uba ko kawu ne yake kai shi wurin maigida, a yi magana ta fatar baki. Zai fara da ɗebo ruwa da kwaɓa siminti da miƙa bulo. In ya nuna natsuwa, sai a bar shi ya riƙe igiya, ya duba lebur, ya cike tsakanin bulo da bulo. Daga nan sai filasta, daga baya ɗaurin rodi da zuba dakin. Babu jadawali, babu ranar gamawa. Maigida ne kaɗai yake faɗin lokacin da hannu ya faɗa. Tsarin tsoho ne, kuma ba abin rainawa ba ne. A ƙasar Hausa magina suna da sarkinsu, kuma a irin wannan makarantar aka samu Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da tubali da azara.

Sai dai Babban Gwani ya yi aiki da ƙasar da kakanninsa suka daɗe da sanin halinta. Siminti da ƙarfe suna da nasu ƙa'idojin, kuma ido ba ya ganin yawancinsu. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa masa, yana kuma buƙatar ban ruwa a kwanakin farko. Ruwan da ya yi yawa a kwaɓi yana sauƙaƙa wa lebura aiki, amma yana raunana ginin. Rodin da kankare bai lulluɓe da kauri ba, tsatsa za ta ci shi a hankali har ta fasa ginshiƙi. Maigidan da ya san waɗannan zai koya wa yaronsa. Wanda bai sani ba kuwa, ko wanda ya saba matse buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da kima, shi ma abin da zai gadar ke nan, kuma yaron zai ɗauka da gaskiyarsa cewa haka aikin yake. Kuskuren ba ya bayyana ranar da aka biya kuɗin aiki. Sai damina ta biyu ko ta uku bango yake tsagewa, lokacin da magini ya daɗe da komawa wani wuri, mai gida kuma bai gama biyan bashi ba.

Abin mamaki, Kwali ba ta rasa masu tunanin wannan matsala a takarda ba. A Sheda, cikin wannan ƙaramar hukuma, hedkwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, take. Ita ce ta fitar da manhajar babbar sakandare da ta fara aiki a 2011, mai ɗauke da darussan sana'a 34, ciki har da jera bulo da aikin kankare, da kafinta, da aikin famfo, da fenti. Tsakanin ofishin da aka rubuta manhajar da wurin da yaro yake kwaɓa siminti tafiyar mintuna ce, amma da wuya a samu maginin da ya taɓa ganin shafi ɗaya daga cikinta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta tanadi cewa yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya sa mata hannu, kuma kada ta wuce shekara biyar. Ma'aikatar Ƙwadago tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kamfanonin da doka ta shafa suke biya a shekara, yana kuma iya mayar musu da wani ɓangare idan sun horar da mutanensu. Hukumar Samar da Aikin Yi, NDE, tana tura matasa wurin masu sana'a tun 1987. Shirin N-Power, da aka fara a 2016, ya zo da reshen gine-gine wanda ya tsara wata uku a cibiyar horo da wata tara a bakin aiki, kafin a dakatar da shirin baki ɗaya a Oktoban 2023. Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne shirin da ya daɗe har ya yaye yaro ɗaya tun daga ɗaukar kwano zuwa karanta zanen gini, domin shekara guda tana isa a koyi jera bulo, ba ta isa a zama magini ba.

Daga cikin duk waɗannan, wanda ya fi dacewa da halin Kwali shi ne wanda aka fi jin shiru a kansa. Tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa, da Hukumar Ilimin Fasaha, NBTE, mai hedkwata a Kaduna take kula da shi, ya amince a auna mutum da abin da hannunsa ya iya, ko da bai taɓa zama a aji ba. Mai tantancewa zai kalle shi yana aiki, ya yi masa tambayoyi, ya ɗora shi a matakin da ya cancanta. Ma'anar wannan ga maginin da ya shekara goma a Yangoji ko Dafa ita ce ba sai ya ajiye aikin da yake ci da iyali ya koma makaranta ba. Ma'anarsa ga yaronsa kuma ita ce shekarun da ya yi yana ɗaukar kwano za su zama abin da zai iya nunawa a ƙofar babban kamfani, maimakon a ɗauke shi lebura na yini.

Masu gini a Abuja sun san inda ake zuwa idan ana son aiki mai tsabta. Da an zo shimfiɗa tayil ko adon silin, sai a ji ana neman 'yan Togo da 'yan Benin, a biya su fiye da na gida ba tare da ciniki mai tsawo ba. Ba wani asiri suke da shi ba. A can ma wurin maigida ake koyo, amma da yarjejeniya da wa'adi da bikin yaye, kuma tun tsakiyar shekarun 2000 Jamhuriyar Benin ta haɗa wannan koyo da zuwa cibiyar horo da jarrabawar da gwamnati ta amince da ita. Ba su rushe tsarin gargajiya ba, ma'auni suka sa masa.

Kwali ta taɓa ganin irin wannan haɗi, kodayake a wata sana'ar ce. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar horon da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Ba a ce mata ta manta abin da ta zo da shi ba. An ƙara mata juya yumɓu a kan na'ura da gashi mai tsananin zafi, ita kuma ta riƙe siffofi da zanen gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da ta tsaya a gida kawai, ko da cibiyar ta raina abin da ta koya a gida, da wuya sunanta ya kai kan kuɗin ƙasa.

Ma'aikacin tarayya yana da hannu a wannan lamari ta fuska biyu, kuma sau da yawa ba ya lura da ɗayar. A ofis, shi ne mai rubuta sharuɗɗan kwangila. Ana neman takardar biyan ITF daga ɗan kwangila, amma ba kasafai ake tambayarsa masu sana'a nawa ne a cikin ma'aikatansa suke da shaida ba, ko 'yan koyo nawa zai ɗauka har ya kammala aikin. Layi biyu a takardar kwangilar gina ajujuwa ko asibiti a Kwali za su iya buɗe gurbin koyo fiye da taron raba kayan sana'a, wanda wani lokaci kayansa a kasuwa suke kwana.

Ranar Asabar kuma shi ne mai fuloti, tsaye a rana yana ciniki da magini. A nan yakan zaɓi wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta, ya kuma matsa a cire katakon dakin da wuri domin haya ta kusa ƙarewa a Lugbe ko Kubwa. Magini ba zai yi musu da mai biyansa ba. Yaron da yake gefe yana wanke cokali yana jin duk abin da ake faɗa.