Faɗakarwa a Kan Ruwan Kwamin Wanka Mai Ɗumi

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da Gombe ta zama babban birnin jiha, unguwar GRA, tsohuwa da sabuwa, ta yi ta cika da manyan gidaje, kuma daga cikin kayan alatun da suka shigo tare da gidajen nan, waɗanda iyayenmu ba su san su ba balle su bar mana ka'idar sarrafa su, akwai kwamin wankan nan mai ɗumama ruwa yana feso shi ta 'yan ramuka a jikin mai wanka, wanda jama'a ke kira jakuzi. Sunan na wasu 'yan'uwa ne mutanen Italiya da suka yi hijira zuwa Kalifoniya a Amurka, waɗanda a 1956 suka fito da wani ƙaramin injin da ake tsomawa cikin baho, asalinsa domin jinyar wani yaronsu mai ciwon gaɓoɓi, sannan a 1968 kamfaninsu ya ƙera kwami ɗungurungum mai injinsa a jikinsa. Ashe ke nan abin ya faro ne a matsayin magani, kuma abin takaici ne a ce sakaci ya mayar da shi sanadin cuta.

Kwamin iri biyu ne, kuma wajibi ne mai gida ya san wanda ya mallaka. Akwai na cikin banɗaki, wanda ake tara masa ruwa a yi wanka a sake shi nan take; akwai kuma babba, mai cin lita 1,000 zuwa 1,500 ko fiye, wanda ake girkewa a farfajiya ko bayan gida, ruwansa ya kwana ya wuni makonni ana shiga ana fita ba a zubar ba. Galibin bayanin nan a kan na biyun yake. Amma kada mai na farkon ya ce ya tsira, domin duk lokacin da ya saki ruwa akwai ragowar da ke maƙalewa cikin bututun da ke bayan ramukan, ta kwanta da sabulu da dauɗar jiki har ta zama yauƙi, wadda ita ce farkon abin da injin zai watso masa a wanka na gaba. Maganinsa kuwa shi ne, kamar sau ɗaya a wata, a cika kwamin ba kowa a ciki, a zuba ɗan kulorin, sinadarin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a kunna injin na kwata ɗin awa, a zubar, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala ya san cewa fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun rataya hukuncin ruwa a kan siffofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙanshi, ta yadda idan ɗayansu ya jirkita da najasa ruwan bai halatta ga ibada ko al'ada ba, idan kuwa ya jirkita da abu mai tsarki wanda ba a saba samunsa tare da ruwa ba, kamar sabulu ko mai, ya halatta ga al'ada amma ba a alwala ko wankan janaba da shi. Wannan mizani ne mai hikima, domin ya ɗora wa mukallafi abin da gaɓoɓinsa za su iya riska, ko yana birni ko yana daji. Sai dai mizani ne na ɗahara, an kafa shi domin ingancin ibada, kuma kuskure ne babba mutum ya ɗauke shi ya kai shi babin lafiya, ya leƙa kwaminsa ya ga ruwa garau kamar yanzu ya sauko daga sama, ya yanke hukunci cewa babu illa a cikinsa, alhali ƙwayoyin cutar da likitoci ke tsoro ba su da launi, ba su da wari, harshe ma ba ya jin su.

Sababin da ya sa ruwan nan ya fi kowane ruwa saurin ɓaci shi ne haɗuwar abubuwa uku a wuri ɗaya. Ruwan kaɗan ne idan aka gwada da adadin jikin da ke shiga cikinsa. Yana da ɗumi irin wanda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a ciki, tsakanin digiri 25 zuwa 45. Sannan injin yana kaɗa shi yana tayar da tururi da feshi wanda mutum ke shaƙa kai tsaye zuwa huhu. Ƙwayar da ake kira Lejiyonela, wadda aka gano bayan annobar da ta faɗa wa wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya a 1976, ta wannan hanya take shiga, ta haifar da ciwon huhu mai kisa. A 1999, a wani bajekolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, wani kwami da aka cika aka kunna domin talla ba tare da an sa masa magani ba ya kwantar da mutum fiye da 180, fiye da 20 suka rasu, kuma waɗannan bayin Allah ba wanka suka yi a cikinsa ba, giftawa kawai suka yi ta kusa da shi. Ƙaramar illar kuwa, wadda ta fi yawa, ita ce ƙurajen nan masu ƙaiƙayi da ke fesowa a inda tufa ta rufe jiki kwana ɗaya ko biyu bayan wanka, waɗanda sau da yawa akan ɗora wa zafi ko sabulu laifinsu.

Mutanen Gombe ba baƙi ba ne ga ruwan ɗumi mai haske, domin wanda ya bi hanyar Bauchi ya ratse a Dindima ya shiga Yankari ya ga maɓulɓular Wikki, wadda ɗuminta ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina, ana hangen yashin ƙasanta tar. Abin da ya kiyaye Wikki shi ne gudana: miliyoyin litoci na fitowa daga ƙarƙashin dutse kullum suna wucewa zuwa kogin Gaji, don haka ruwan da ya taɓa jikin mutum yanzu ba shi zai taɓa na bayansa ba. Kwamin gida ba shi da wannan falala, saboda haka dole mai shi ya maye gurbinta da dabara, wato injin da ke juya ruwan, da matatar da ke kama tarkace, da sinadarin da ke kashe abin da matata ba ta iya kamawa.

Kafin duk wannan, a san ruwan da aka zuba tun farko. Gida a GRA kan sha ko dai daga famfon da ke zuwa daga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, ko daga rijiyar burtsatse, ko daga tankar da aka saya ba a san inda ta ɗebo ba, kuma kowanne da halinsa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan narko da abin da ya ratsa. Idan ya ratsa ƙasa mai tama, yana iya fitowa fari tas, amma da zarar kulorin ya taɓa shi sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, har mai gida ya zargi maganin alhali ƙarfen da ke narke ne ya yi tsatsa. Irin wannan a bar shi ya kwana a tanki ya sha iska ya kwanta, a tace, sannan a zuba. Idan kuwa ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Ashaka domin siminti, yakan zo da alli mai yawa, wanda zafi ke fitarwa ya zama farin ɓawon nan da ake gani a gindin butar shayi, kuma shi ne ke liƙe wa ƙarfen ɗumama ruwa har ya ƙone. Abin da ake so na allin shi ne miligiram 150 zuwa 250 a kowace lita.

Asalin daidaiton ruwa kuwa yana ga ma'aunin da masana ke rubutawa pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sørensen ya ƙirƙiro a 1909, wanda ke auna inda ruwa ya karkata tsakanin tsami irin na lemun tsami da kaifi irin na kanwa da ruwan toka. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, kuma kowane mataki ninki goma ne na wanda ke gefensa, saboda haka tazarar da ke tsakanin 7 da 8, wadda ido ke rainawa a takarda, babba ce ƙwarai a cikin ruwa. Abin da ake nema shi ne 7.2 zuwa 7.8. Idan ya sauka ƙasa da haka, ruwan ya fara cin ƙarfe da roba yana sa ido yaji. Idan ya haura, alli ya fito ruwan ya yi hazo, kuma, abin da ya fi muni, kulorin ya yi sanyi, domin a kan 7.5 kimanin rabinsa ne ke cikin siffar da ke kashe ƙwayar cuta da sauri, a kan 8 kuwa da ƙyar ya kai rubu'i. Kwamin ɗumi kuma ɗabi'arsa ce ma'aunin ya riƙa hawa, saboda kumfar da injin ke hurawa tana korar iskar da ke riƙe da ɗan tsamin ruwan. Wanda ma'auninsa ke hawa da sauka ba ya tsayawa, to ya duba gishirin bikabonet da ke narke a ruwan, wanda shi ne turken da ke riƙe ma'aunin, ana son sa tsakanin miligiram 80 zuwa 120 a lita. Idan ya gaza a ƙara bekin soda, ba bekin foda ba, idan ya yi yawa a rage shi da garin asid da ake sayarwa domin wannan aiki. Tartibin shi ne a fara gyara turken, sannan pH, sannan kulorin, ana zubawa kaɗan-kaɗan injin na juyawa, a jira, a sake gwadawa da 'yar takardar gwajin nan da ake tsomawa ta sauya launi, wadda kuɗinta bai kai na ganin likita sau ɗaya ba.

Kulorin kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙayyade kada ya gaza miligiram 3 a lita a irin wannan kwami, ko 4 zuwa 8 ga mai amfani da buromin, wanda ya fi jure zafi. A nan akwai wani wahami da ya yaɗu, cewa idan ruwa na tashi da warin magani mai hawa kai to maganin ya yi yawa. Akasin haka ne a mafi yawan lokuta: warin nan na kulorin ne da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya rasa ƙarfinsa, kuma maganinsa shi ne a ƙara mai yawa a lokaci ɗaya, a buɗe murfi, a bar injin ya yi ta juyawa ba kowa a ciki har ma'auni ya sauko. Ƙwayoyin kulorin da ake jefawa a manyan wuraren iyo na otal sun yi wa ƙaramin kwami tsami, bilicin wanki mai turare kuma kumfa zai tayar. Kada a kuskura a haɗa kulorin da asid a mazubi ɗaya, domin iskar da za ta tashi guba ce. Kowanne a zuba shi cikin ruwan daban, a adana su nesa da juna, nesa da yara.

Mafi yawan abin da ke cinye kulorin mu ne muke shigar da shi da jikinmu, musamman a hunturu, lokacin da aka fi marmarin ruwan ɗumi kuma aka fi laɓta basilin da man kaɗanya saboda kaushi. Man nan shi ne ke yin zobe a bakin kwami yana toshe matata, ragowar garin sabulu a tufa kuma ita ce kumfar da ba ta kwanciya. Wankan sabulu kafin shiga ya fi kowane sinadari arha. Ƙurar hunturu da hasken rana, wanda ke kashe kulorin cikin 'yan awoyi, murfi ne maganinsu. Matatar kuma a cire ta a wanke da ruwa mai ƙarfi duk mako. Idan ruwa ya yi hazo, kada a garzaya ga alif kamar yadda ake yi wa ruwan randa, domin abin da ya tara zai liƙe matatar ne. A gwada ma'auni tukuna, a duba matata, galibi amsar tana ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma mas'alar da littattafan masu ƙera kwamin ba su yi la'akari da ita ba, domin an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta yankewa kuma sanyi ya fi zafi. Injin yana bukatar juya ruwan awoyi da dama kullum, don haka wanda bai tanadi janareta ko sola da za su ɗauki nauyinsa ba, ya sani cewa duk yinin da aka ɗauke wuta ruwansa kwantacce ne. Haka nan a bazara, a watannin Maris da Afrilu da zafin Gombe ke kusantar digiri 40, mai gida kan kashe na'urar ɗumamawa ya manta da kwamin har sai sanyi ya dawo, yana zaton ya huta, alhali rana kaɗai ta isa ta riƙe ruwan a daidai ɗumin da ƙwayar cuta ke so, ga sauro kuma na jiran kulorin ya ƙare. Wanda ba zai yi amfani da shi ba, ya zubar, ya tsane bututun, ya rufe.

Ko da an kiyaye dukkan sharuɗɗan nan, ruwan yana tsufa, domin duk abin da aka zuba yana barin gishirinsa, tururi kuma ruwa kaɗai yake ɗauka. Ka'idar masu sana'ar ita ce a raba adadin litocin da 12, sannan a raba da adadin masu shiga kullum, abin da ya fito shi ne kwanakin ruwan. Kwami mai lita 1,200 da mutum biyu ke shiga kullum kwana 50 ke nan, kuma ko ba a cika shiga ba kada ya wuce wata uku ko huɗu. A garin da ake sayen ruwa a kura, zubar da lita dubu a kwata israfi ne. A bar shi a buɗe kwana biyu ko uku kulorin ya fice, a wanke tsakar gida ko mota da shi. Zafin ruwan kada ya haura digiri 40, zama ɗaya kada ya zarce kwata ɗin awa, mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon zuciya su nemi izinin likita, murfin kuma ya kasance mai makulli a gidan da ke da ƙananan yara. Wanda ya dawo daga tafiya, Hajji ko Umara ko wata doguwar hidima, ya tarar da kwamin cike, kada ya kunna feshin yana tsaye a kansa don ya ga ko yana aiki. Ya fara zuba kulorin mai yawa, ya kunna injin ya ja da baya, sannan ya zubar da ruwan, ya goge kwamin, ya wanke matata, ya sake cikawa.